Layi Tara na Dogo

Auta ce ta kira ni ofishinsu, wai manaja zai goge rubutun Dogo kafin la'asar. Dogo yayanta ne, ɗana na fari, bara muka binne shi. Abin da ya bari a wurin layi ɗari uku ne na umarnin kwamfuta da ya tsara da hannunsa da asambli, yaren da inji ke ji ba tafinta.

Na tarar tana dukan tebur.

"Baba, linka ce ta ƙi! Ita ke ɗinke guntayen aiki su zama ɗaya. Laburaren haɗaka ake so, wanda kowace manhaja za ta ara ta ajiye inda ta sami wuri. Shi kuwa Yaya ya kafe adireshi guda, ya ce nan lambobinsa suke, ba sa gusawa."

Halinsa ke nan. Ko takalminsa ka matsar, sai ya yini bai kula ka ba.

Manaja ya leƙo. "Baba, a yi haƙuri. Inji zai rubuta mana wani cikin minti biyu."

"Injin ne ya yi wata huɗu yana gogar aikin har ya yi gudu, ko ɗana? Wace ce ma linkar? A kira min ita!"

"Ai ba mutum ba ce."

"Shi ya sa ba ta da kunya!"

Na zura wa allon ido. Jan rubutu ya jeru kamar tururuwa ta ga sukari. Na ce, "Dole sai lambar gida? Ni in aka tambaye ni hanya, cewa nake ƙofa ta uku daga inda kake tsaye."

"Na sani, Baba!" Auta ta daka min tsawa. "Gyaran ke nan, layi tara ne, tun safe na gani. Hannu ne ba na son sawa a rubutunsa."

Raina ya ƙara ɓaci. "Saboda tara za ki bari a share ɗari uku? Zauna!"

Ta zauna ta gyara, tana share hanci da gefen mayafi. Ta danna. Allon bai ce komai ba.

"Linkar ta sake ƙi?"

"Haka take in ta yarda."

Dubi halitta! Bakinta na ƙi ne kawai, ko sannu babu.

Na sa Auta ta kwafe min tsofaffin layukan tara a takarda. Na ninke, na cusa cikin hulata, na wuce manaja a bakin ƙofa ban yi masa sallama ba.