Wace Rijiya Gidanku Ke Sha?

Dokta Inuwa ya danna hon sau biyu a ƙofar benen da Badamasi ke haya a Manfuha, ya ƙara sanyin mota, ya jira. Kowace Juma'a haka suke yi. Da an sauko daga masallaci sai ya ratso lungunan unguwar ya ɗauki mutumin garinsu, su wuce gidansa a Al-Shifa su ci tuwon matarsa Hajjo. Tare suka yi firamare a ƙauyen Gauraki. Yau ɗaya likitan ƙashi ne a wani babban asibiti a Riyad, ɗaya kuma yana shimfiɗa tayil a gidajen Larabawa, amma a gaban miyar kuka ba wanda ke raga wa wani.

Badamasi ya faɗo mota yana share gumi. "Likita, yi haƙuri, kafil, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, shi ya riƙe ni a waya. Ko ranar Juma'a ba ya barin mutum ya sarara."

"Ka samu Yaya Buraima?"

"Na same shi. Ya ce a kira shi ƙarfe biyu da rabi namu, kafin shi ya fita masallaci. Tambaya ɗaya zai yi wa yarinyar, irin wadda duk ɗan gari ya sani. Ba ya faɗar ta tun da wuri, ko ni ƙanensa bai gaya mini ba."

Buraima shi ne dagacin Gauraki, kuma yau a hannunsa maganar Kamila take. Kamila ita ce 'yar farin Inuwa, haihuwar Riyad, ta nace sai ta karanta likitanci a wata jami'ar gwamnati a gida. A jarrabawar shiga jami'a ta ci maki ɗari biyu da sittin da takwas, ana neman ɗari biyu da tamanin. Amma akwai wata ƙofa. Jami'ar ta ware gurbi uku ga 'yan jiharsu, domin tana cikin jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Abin da ake buƙata kawai takardar shaidar asali, ita kuwa ƙaramar hukuma ba ta bayarwa sai dagaci ya sa hannu. Ranar Laraba za a rufe karɓar takardu.

Inuwa bai ga aibun abin ba ko kaɗan. Ta wannan ƙofar shi ma ya shiga shekara talatin da suka wuce, da silifas da akwatin ƙarfe. Yana tuƙi yana jin daɗin ransa, har da ɗan kaɗa yatsa a sitiyari.

Sai da suka yi nisa a tuwo Badamasi ya gyara zama, fuskarsa cike da murna.

"Akwai albishir da na ɓoye maka, na ce sai ya nuna tukuna. 'Yata Zaituna ma ta nema. Jami'a ɗaya da Kamila, karatu ɗaya."

"Zaitunarka? Nawa ta ci?"

"Ɗari biyu da hamsin da ɗaya. Makarantarsu fa shekara biyu ba malamin kimiyya, da littafin aro ta yi karatu. Shugaban makarantar ya bincika, ya ce cikin 'yan jiharmu da suka nema ita ce ta uku."

Lomar da Inuwa ya ɗauko ta tsaya a hanya. Ba sai mutum ya yi karatun likita ba zai gane wannan lissafin. Gurbi uku ne, kuma makin Kamila ya fi na Zaituna.

"Badamasi, ka san in Kamila ta shiga layin nan..."

"Na sani, Likita. Zaituna ta koma ta huɗu." Ya gutsuri tuwo hankalinsa kwance. "To sai me? Doka cewa ta yi ɗan jiha, ba ta ce ɗan talaka ba. Kamila jininmu ce, ko a wata aka haife ta."

"Amma don wa aka yi dokar? Don yaron da bai taɓa ganin ɗakin gwaje-gwaje ba aka yi ta. Da da adalci, halin gidan da yaro ya fito za a duba, ko daga wace jiha yake."

Badamasi ya yi dariya. "Ranar da aka fara duba aljihu, za ka ga masu kuɗi sun sa tsumma sun riga kowa layi. Gari kuwa ba ya ɓoyuwa. Ci tuwonka, abin da Allah ya rubuta wa kowa ba ya wuce shi."

Abin ya ba Inuwa mamaki. Ga shi yana jayayya da kansa, ga mutumin da za a cuta yana kare masa haƙƙi. A daidai nan Kamila ta shigo da tiren shayi, ta durƙusa ta gai da Baffa Badamasi, ta zuba, ta fita. Ba wanda ya sassauta murya dominta. A gidan kowa ya ɗauka Hausar Kamila ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, don ko faɗa za ta yi da ƙannenta da Larabci take yi.

Ƙarfe biyu da rabi Badamasi ya jingina wayarsa da butar shayi ya kira. Dagaci ya bayyana a zaurensa, ya kusanto da fuska har hancinsa ya cika wayar. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi mutanen Makka da Madina kamar a bayan gidan Inuwa suke. Sannan aka kira Kamila ta zauna a tsakiya, ta gyara mayafi.

"'Yata," in ji Dagaci, "tun da baƙi suka fara zuwa da kuɗi suna neman zama 'yan Gauraki a takarda, na daina sa hannu sai na yi tambaya. Rijiya bakwai gare mu a garin nan. Wacce gidanku ke sha?"

Inuwa ya ji tafin hannunsa ya yi zafi. Har yau akwai kanta a wurin, inda igiyar guga ta ci shi yana yaro. Rijiyar Maƙera, bayan masallaci. Kalma biyu ce, kuma kafaɗarsa na jikin ta Kamila. In ya sunkuya kamar zai ɗauki kofi, ya faɗa ƙasa-ƙasa, tsohon ba zai ji ba. Ya sunkuya ɗin. Sai ya tuna wata yarinya da bai gani ba tun tana goye, da littafin aro a cinya. So duk so ne, amma son kai ya fi, haka aka ce, kuma shi bai taɓa musa wannan magana ba. Ya ɗauki kofin, ya kurɓi shayi, bai raɗa mata amsar ba.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," in ji Kamila.

Badamasi ya zabura. "Yaya, yarinyar nan a nan ta tashi, ka san ubanta, ka san kakanta..."

"Na san su. Ita nake tambaya." Dagaci ya sassauta murya. "Kada ki damu, 'yata. Ki zo gida ki sha ruwan, ki kwana biyu wurin gwaggonninki, sai in sa miki hannu da kaina. Amma ba yau ba."

A hanyar mayar da shi Manfuha, Badamasi bai bar ba da haƙuri ba. Ya ce zai sake kiran yayansa, ya ce taurin kan nan tun suna yara yake fama da shi. Inuwa ya ce a bar maganar haka nan. Da ya juyo shi kaɗai, sai abin ya taso masa. Shi ya yi alheri, amma da shekarar 'yarsa ya yi shi, bai kuwa nemi izininta ba. Yana da halin kai ta jami'ar kuɗi, gaskiya ne, sai dai ba ita take so ba, kuma ya ga irin karatun da ta sha. Kunya ta kama shi sosai. Tun daga babban titi yake shirya yadda zai faɗa mata gaskiya.

Ya same ta a teburin cin abinci, Hajjo na kicin tana wanke kwanuka da ƙarfin da ya nuna ranta a ɓace yake.

"Kamila, ina so in gaya miki wani abu. Tambayar nan da Dagaci ya yi..."

"Rijiyar Maƙera," ta ce, tana gauraya Hausa da Larabci, ba ta ko ɗago ba. "Bayan masallaci. Guga arba'in kafin ka tafi makaranta."

Inuwa ya tsaya da makullin mota a hannu.

"Baba, duk ranar da muka ce ruwan wanka ya yi sanyi sai ka ba mu labarin nan. Wallahi ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa." Ta ɗago tana murmushi, idonta ya ɗan yi ja. "Na ji maganar Zaituna lokacin da na kawo shayi. Ina jin Hausa, ya'ani, mayarwa ce ke ba ni wahala."

"Me ya sa ba ki yi shawara da ni ba?"

"Kai ma ai ba ka yi da ni ba. Ina kallonka a wayar, ka sunkuyo, sai ka sha shayi."

Ƙarar kwanuka ta tsaya a kicin. Inuwa ya yi dariya, dariyar ta zo da ƙwalla, bai damu ya ɓoye ba. Daɗi ya cika shi irin wanda ya daɗe bai ji ba.

"Kada Baffa Badamasi ya sani," in ji Kamila. "Zai ce sai an sake kira."

"Ba zai ji daga bakina ba. To yanzu sai yaya?"

"Khalas, shi ke nan, Baba, maki goma sha biyu ne suka rage, baɗi zan sake jarrabawar." Ta jawo littafin kimiyyar da ta riga ta ɗaure cikin kwali tun bayan jarrabawa, ta kaɗe shi.

Inuwa ya ajiye makullin, ya ja kujera kusa da ita, ya ce ta buɗe babi na farko.