Simintin da Na Shafa wa Bangon Gwaggo

Ƙarfe goma na safe ne, an kwana ana yayyafi, gari ya yi luf. Ina tsugune a ƙofar gidanmu ina wanke cokalin gini, sai ga wata mata daga ofishin kula da tsofaffin gidaje ta shigo layinmu, da 'yar guduma a hannu.

Unguwarmu tsohuwa ce. Lungunanta matsattsu, mota ba ta shiga, gidajen ƙasa ne masu kaurin bango, kowanne da zanen da aka yi da hannu a saman ƙofa. Za a faɗaɗa titin da ya bi ta bakin unguwar, amma an ce duk gidan da ya riƙe tsohuwar fuskarsa ba za a taɓa shi ba, titi ne zai kauce masa. Gidan Gwaggo shi ne na farko daga titi. Ba jinina ba ce, maƙwabciya ce, sai dai a bayanta na girma.

Bara ta yi mini kukan ruwa yana cin bangonta. Na gaya wa Baba Magini, wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce a bari rani ya shigo a yi yaɓen ƙasa kamar kullum. Ni kuwa ina da ragowar siminti daga wani aiki. Ni da ake kira Sannu-sannu, ranar nan sai na yi sauri. Wuni ɗaya na shafe gaban gidan tas, har da zanen da marigayi mijinta ya yi da yatsunsa. Gwaggo ta yi ta sa mini albarka. Baba ya zo ya duba, ya ce bango ma numfashi yake yi, ya wuce. Na ɗauka kishin tsufa ne.

Matar ofis ta ɗan buga bangon da gudumarta. Ƙarar ta fito kamar ta tulun da babu ruwa. Ta yi wa Gwaggo bayani cewa siminti ya kulle laima a ciki, ƙasar tana ruɓewa, kuma a haka ba za ta iya sa gidan cikin waɗanda za a bari ba. Ta tambayi wanda ya yi aikin.

Gwaggo ta ce, "Wani baƙo ne, 'yar nan. Ban ma san inda yake ba."

Ko inda nake ba ta kalla ba. Wannan ya fi mini mari zafi. Na miƙe, hannuna na ɗigar ruwa, na ce ni ne.

Matar ta dube ni jim. Ta ce idan zan iya cire simintin ba tare da ya tafi da abin da ke ƙarƙashinsa ba, za ta dawo nan da kwana goma.

Abin da na shafa a wuni ɗaya, kwana tara na yi ina ɓamɓararsa. Ranar farko ina bugawa tsaye, sai wani ɓallin da ya kai faranti ya faɗo da rabin zanen a jikinsa. Na ɗauka na juya shi, ga shatin yatsun mijin Gwaggo a ciki. Na rasa inda zan ajiye shi. Baba da ke zaune a inuwa ya taso, ya kwantar mini da cizal ɗin, ƙarfen da nake ɓamɓara da shi, a kaikaice, ya ce in riƙa bugu kamar mai tashin mara lafiya daga barci.

"Sunanka fa Sannu-sannu," in ji shi. "Ka yi aiki da sunanka mana."

Telan da ke kallon gidan kullum sai ya leƙo ya tambaye ni ko in na gama zan sake shafawa, tun da ni ne mai ɗinki ni ne mai farkewa. Ina yin dariya don kada ya ji kunya. Gwaggo kan ajiye mini ruwa a kofi a gindin tsani ta koma ciki. Da ma faɗa ta yi mini.

Rana ta goma matar ta dawo. Ta bi bangon da tafin hannu, ta daɗe a kan abin da ya rage na zanen. Ta ce gida ya tsira. Amma ɗakin da ke kusurwa, na bakin titi, ƙasarsa ta riga ta mutu, ta sa yatsa ya nutse. Ba zai tsayu ba, titi zai ɗauke shi.

A ɗakin nan Gwaggo ta kwana shekara arba'in da wani abu. A tagarsa take zama tana amsa gaisuwar masu wucewa. Ta ji bayanin har ƙarshe, ta ce to. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, ta ce in je in kira matasa a kwashe mata kaya kafin hadari ya haɗo.

Muka mayar da ita ƙaramin ɗakin baya, mai taga ɗaya da ke kallon katanga. Da kowa ya watse, na ga gadon yana rawa, daɓen wurin ba daidai yake ba. Na fita na samo guntun katako, na feƙe shi, na durƙusa na cusa a ƙarƙashin ƙafar gadon. Na girgiza, ya tsaya cak. Gwaggo tana ninke zannuwanta, ba ta ɗago ba. Na ja mata ƙofa a hankali.