Wurin Mutum Uku a Mota

Da hantsi motocin kwashe mutane suka shigo filin makarantar unguwa. Tsohon tela ya zo da jaka ɗaya, 'yarsa Auta na biye da yaranta biyu. Keken ɗinkinsa ya bar shi a shago, ya lulluɓe da zani kamar gobe zai dawo.

Karo na biyu ke nan yaƙi na tashinsa daga gida. Na farko yana ɗan ƙarami. Lokacin babu waya, babu mai gaya maka inda za a kai ka. Motar kaya ce ta tsaya, aka ce yara kawai za a ɗauka. Uwarsa ta ɗaga shi, wani soja ya karɓe shi ta hammata. Ya ga bakinta na motsi, amma ƙarar inji ta cinye maganar. Bai sake ganinta ba.

Motocin yanzu masu kujeru ne, har ruwan sha ake rabawa. Kowa waya a kunne, yana sanar da dangi.

"Ku kun ji daɗi," ya ce wa Auta. "Mu a kan buhunan gawayi muka tafi. Da muka sauka, ba ka gane ɗan wa da ɗan wa."

Ta ɗan murmusa, idonta na kan layi.

Da suka kai ƙofar mota ta ƙarshe, jami'ar da ke shigar da mutane ta leƙa ciki. "Saura wurin mutum uku. Tsofaffi da yara ne farko. Ke ki jira ta gaba."

Auta ta tura yaran wajensa. "Baba, riƙe su. Zan biyo ku."

Ya ja da baya. "Ke za ki shiga."

"Ƙafarka fa, Baba? An ce hanya na iya rufewa."

"Na ji. Motar ce kawai ta sauya, 'yata. Ba zan zauna a kujera yaran nan na kallonki ta taga ba."

Jami'ar ta dube shi, ta matsa gefe, Auta da yaran suka shiga.

Mota ta gaba ba ta zo ba sai washegari, bayan an fara jin harbi ta bayan kasuwa. Ya samu wuri a ƙasa, tsakanin marasa lafiyan da aka kwaso daga asibiti.

A sansanin 'yan gudun hijira, ƙaramar jikarsa ce ta fara hango shi yana ɗingishi. Ta ruga ta cafke rigarsa, tana kawo masa ƙarar uwarta, wai tun jiya ta ƙi cin abinci.