Taku Goma Sha Ɗaya

Shekara shida ke nan da idon Inna ya rufe, amma a benen da suke haya a tsakiyar gari ba mai riƙe mata hannu. Daga gadonta zuwa banɗaki taku goma sha ɗaya ne. Lokaci ma da kunne take gane shi: in mai walda na ƙasa ya ta da inji, hantsi ya yi.

Hayaƙin injin nan ne yake hana jikarta Auta numfashi. Sau biyu likita yana gaya wa ɗanta Dogo ya fitar da 'yarsa daga cikin gari. Ya samu gida a bayan gari, dillali na jiran amsa kafin la'asar. Inna ce ta tsaya masa a rai. In lissafinta ya ɓace, a kan gado za ta ƙare sai an zo an ɗaga ta, ita da ko ruwan wanka ba ta yarda a kai mata.

Sai ya yi dabara. Ya karɓi makulli tun jiya, ya taka goma sha ɗaya daga ƙofar banɗaki, ya ajiye kujera inda gado zai zauna. Yau ya kwaso su duka.

Inna ta tsaya a falo tana saurare.

"Anya da mutane a unguwar nan? Ko maƙabarta ka kawo ni tun da raina?"

"Haba Inna. Iska ce mai kyau."

"Iska ba ta gaya wa mutum ƙarfe nawa."

Ya zaunar da ita a kujerar. "Komai kamar na gida ne. Gwada ki gani."

"In gani," in ji ta. Matar Dogo ta danne dariya.

Ta miƙe, leɓɓanta na motsi. A na goma sha ɗaya ta miƙa hannu. Ba ƙofa, ba bango. Hannun ya tsaya a sama yana lalube. Dogo ya yunƙura zai kama ta, matarsa ta riƙe masa riga.

"Wa ya auna?"

"Ni ne, Inna."

"Da waɗannan zara-zaran ƙafafun naka?"

Wayar Dogo ta yi ƙara a aljihu, dillali ne. Ya bar ta tana yi.

Inna ta ja ƙafa a hankali. Sha biyu. Sha uku. A sha shida yatsunta suka taɓa katako. Ta daɗe a jingine da ƙofar.

"Wa ke ta gudu a waje?"

"Auta ce," in ji matarsa.

"Tun ɗazu?"

"Tun zuwanmu."

Inna ta karkata kai, ta ƙara saurarawa. Dogo ya san tari take jira. Bai zo ba.

"Ɗauki wayarka, ta ishe ni," ta ce. "Kuma kada wanda ya matsar da kujerar nan. Na riga na ƙirga."

Ya kira dillali, ya ce sun karɓa. Yana magana idonsa na kanta. Ta juya za ta koma, tana ƙirgawa. A na tara ta tsaya, ta rikice. Ta lalubo ƙofar da baya, ta sake farawa daga ɗaya.