Sunan Jaririn Murja

Malam Hussaini ya kai bakinsa kunnen jaririn, ya yi kiran salla a dama, ya yi iƙama a hagu, sannan ya tsaya. Nan ne ake faɗin suna, shi kuwa ba shi da shi. Rabin yaran Yalwawa shi ya yi musu huɗuba, wasu har sun yi gemu, amma ga jikansa na fari a hannu ya rasa abin cewa.

Aikin ɗansa Fa'izu ne, uban yaron. Tun cikin yana ƙarami ya ce ya zaɓi suna, kuma ba mai ji sai ranar haihuwa. Matarsa Murja ta yi lallashi, ta yi fushin ƙarya, shi dai sai dariya. Haka yake tun yana yaro: abin da ya kamata ya faɗa sai ya ɓoye, wanda ya kamata ya ɓoye sai ya faɗa a bainar jama'a.

Halin nan ne ya ja masa. Malamin firamare ne a Aujara. Wata rana ya kira wani shirin rediyo ya ce yunwa ce ke sa yaran ajinsa barci, ba lalaci ba, kuma hatsin tallafin da aka nuna a hoto bai iso garin ba. Ya faɗi sunansa da na ubansa, don bai ga abin kunya a ciki ba. Kashegari wasu mutane a mota marar lamba suka tare shi a hanyar Dutse, suka tafi da shi. Da damina ke nan, ga shi har an kai gero rumbu.

* * *

Ba inda Malam bai taka ba. A caji ofis aka ce ba su ba ne. A gidan yari aka ce ba mai wannan suna. Wani lauya ya ce a kai ƙara, amma ƙarar wa? Maƙwabtan da suka saba cika masa zaure ba su faɗi wata mummunar magana ba, hanya kawai suka canja, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Jajibirin suna, bayan la'asar, sai ga Jaji, tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu yake tuƙi a wani ofishin da ba ya son ambata. Ya durƙusa ya yi ta jan gaisuwa, ta ƙare ya sake ɗauko ta.

"Allah gafarta Malam, na ji an ce za a ɗaga suna."

"Sai uban ya dawo. Sunan yana wurinsa."

Jaji ya zuba wa tabarma ido. "Kada a ɗaga."

"Ka gan shi ne?"

"Ina da 'ya'ya, Malam. Ban zo ba, ban ce komai ba. Amma kada a ɗaga."

Malam ya fahimta. Ya so ya tambayi ko an yi wa ɗansa sutura, ko an samu mai yi masa salla, sai ya tuna da 'ya'yan Jaji. Tausayinsa ya kama shi, ya sa masa albarka ya sallame shi.

* * *

Da safe mutanen da suka zo ba su cika tabarma ba. Aka raba dabino. Malam yana zaune yana tunani. Ba gawa, ba jana'iza. In ya shimfiɗa zaman makoki za a tambaye shi wanda ya gaya masa, kuma tambayar a ƙofar Jaji za ta ƙare. Amma barin Murja tana zabura duk lokacin da babur ya tsaya a waje, shi ma zalunci ne, kuma ba zai taya waɗanda suka ɗauke ɗansa ba.

Liman ya matso da kunnensa. Malam ya raɗa masa. Liman ya ɗago ya dube shi, don ya san a gidan nan ba a mayar wa ɗa sunan uba sai uban ba ya duniya. Malam ya gyaɗa kai.

Aka shafa fatiha, sanƙira ya leƙa soro ya ɗaga murya: "Yaro ya ci suna Fa'izu."

Wata gwaggo ta fara guɗa, ta katse ta a tsakiya.

Murja tana zaune a bakin gado, lalle bai gama bushewa a ƙafarta ba. Yaron ya motsa yana neman kuka. Ta buɗe baki za ta kira shi, amma tun da aka kawo ta gidan nan, kunya ba ta taɓa barin ta furta wannan suna ba. Ta rufe bakin, ta ba shi nono.