Ranar da Babu Kaka a Ƙofar Tiyata

Sati uku da binne mahaifiyata naƙuda ta kama 'yata Auta. Ina shago ina datsa wuyan wata riga mijinta ya kira ni, wajen ƙarfe goma na safe. Ya ce suna asibiti tun asuba, kuma likita tana son ganina. Gabana ya faɗi, don likita ba ta neman uwar mai naƙuda saboda gaisuwa. Na jefar da almakashi a kan keken ɗinki na fito, sai a cikin mota na lura tef ɗin awo yana rataye a wuyana.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Auta da shekara biyar ba, amma ba ta da kwana-kwana. Ta tsayar da ni a baranda ta ce ɗan ya kwanta a gicciye, ba zai fito da kansa ba, kuma bugun zuciyarsa ya fara raguwa. Tiyata za a yi yanzu, komai a shirye yake. Abu ɗaya ya rage, Auta ta ƙi sa hannu a takarda.

Na ce, "Mijinta fa? Ba ga shi nan tsaye kamar an dasa shi ba?"

"Da hankalinta, Mama. Ba zan yanka matar da take kallona tana cewa a'a ba. Cewa take yi sai kakarta ta ɗora mata hannu. Ina kakar take?"

Ita ce muka binne sati uku da suka wuce.

Kaka muke ce wa mahaifiyata, har mu da ta haifa. Babanmu ya rasu ya bar ta da mu biyar tana da shekara talatin da huɗu, da wanki da guga ta raine mu. Duk Asabar ita ke share coci, ba wanda ya sa ta, kuma ba wanda ya isa ya karɓi tsintsiyar. Da waƙar yabo take tashinmu da safe, da muryar nan tata da ko fasto ya taɓa roƙonta ta riƙa zama nesa da mawaƙa. Ta hana mu rantsuwa, ta hana mu kwana da fushi, na biyun dai ban taɓa iyawa ba.

A gidanmu ba a shiga jarrabawa, ba a yin doguwar tafiya, ba a shiga ɗakin haihuwa, sai Kaka ta ɗora wa mutum hannu a ka. Za ta zo da Littafi Mai Tsarki a cikin leda, wanda sau biyu ina ɗinka masa bango, ta rufe ido, laɓɓanta suna motsi. Ba wanda ya taɓa jin abin da take faɗa sai amin ɗin ƙarshe. Jikoki goma sha ɗaya da tattaɓa kunne huɗu, duk a tsaye take a bakin ƙofa aka haife su. Sau ɗaya tak ba ta nan, tana kwance da zazzaɓi lokacin da matar ƙanina ta haihu, kuma jaririn bai zo da rai ba. Likitoci sun yi bayani, ita kanta Kaka ta yi mana faɗa ta ce ita ba Allah ba ce, mu daina shirme. Muka ce to, amma kowa ya riƙe abin a ransa. Auta tana da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma ta ga ɗan akwatin.

Kuskurenmu ke nan, kuma sai a barandar nan na gane shi. Mun bar wa Kaka addu'a kamar yadda ake bar wa wadda ta iya girki tukunya. Ni nan ba na fashin Lahadi, ni ke ɗinka wa mawaƙan coci riguna, amma shekarata hamsin da biyu ban taɓa yin addu'a da ƙarfi a gaban wani ba. Aikina cewa amin idan fasto ya gama.

Na shiga ɗakin da faɗa, don shi na iya. Auta tana kwance a gefe ɗaya, an ɗaura mata ƙarin ruwa, gashinta ya jiƙe sharkaf. Akwai wata na'ura a gefen gado da ke fitar da sautin zuciyar ɗan, tana bugawa tana jinkirtawa.

"Ke, wane irin taurin kai ne wannan? Kin fi likita sani ne? Karɓi biro ki sa hannu kafin ranki ya ɓaci."

Ta kalle ni, idanunta sun yi zuru-zuru. "Ta yi mini alkawari, Mama. Ta ce ko da rarrafe za ta zo."

"Ta rasu, Auta. Da ke aka binne ta."

"Na sani. Shi ya sa na san idan na shiga ɗakin nan ba zan fito ba."

A hankali ta faɗe shi, ba kuka. Na kira fasto, ya ce yana wani gari, ko yanzu ya taso sai ya yi awa biyu a hanya. Ya ce a sa mata wayar a kunne, Auta ta ture. Mijinta, bawan Allah, malamin lissafi ne da bai iya haɗa magana biyu ba sai a gaban allo, ya matso ya ce bari ya gwada, ta juya masa baya. Sai na'urar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Likitar ta dubi agogonta ta ce mini a kunne, "Minti goma. Bayan haka ban san abin da zan ciro ba, kuma ita ma ba zan iya yi miki alkawarinta ba."

Mijin ya ce, "Mama, ke fa? Ke ce babba yanzu."

Fita na yi. Ina jin kunyar faɗa, amma gudu na yi na bar 'yata. Na bi baranda har ƙarshe inda banɗakin mata yake, na riƙe bakin wurin wanke hannu da hannu biyu, na amayar da shayin safe. Na ce a raina, idan na ɗora wannan hannun nawa, hannun masifa da almakashi, yarinyar nan ta shiga ba ta fito ba, ina zan sa kaina?

Wata dattijuwa mai goge ƙasa tana tsaye a bayana da bokitinta, tana jira in matsa. Ta ƙare mini kallo a madubi.

"Ke ba 'yar tsohuwar nan mai littafi a leda ba ce? Goshinku ɗaya. Yau ban gan ta ba."

Na ce ta rasu.

Ta jingine sandar gogewar da bango, ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ta ce, "Ashe gado kika yi. Nan take zuwa ita ma, wannan famfon da kike riƙe."

"Zuwa yin me?"

"Abin da kika yi yanzu. Shekarata ashirin da uku a nan. Duk ranar da aka shigar da wata taku, tana gama addu'arta sai ta yo nan da sauri, ta yi amai, ta kama rawar jiki. Sau uku ina kawo mata kujera. Ta roƙe ni kada in gaya wa 'ya'yanta. Ni ba addininmu ɗaya ba, amma na san mai tsoro idan na gan shi."

"Kaka? Tsoro?"

"Na taɓa tambayarta me take faɗa haka a kan yaran nan. Ta ce, 'Me zan faɗa, 'yar'uwa? Gaya masa nake yi tsoro nake ji, ya riƙe mini ita.' Shi ke nan, ta yi ta maimaitawa."

Abin da na fara ji fushi ne. Shekara da shekaru Kaka tana fitowa daga banɗaki da busasshiyar fuska tana yi mana faɗa a kan rashin bangaskiya. Da tana kusa da ta ji bakina. Sai kuma tausayinta ya danne ni, na tuna duk lokutan da muke zaune a benci muna hira hankali kwance saboda Kaka ta yi addu'a, ita kuwa tana nan ita kaɗai da famfo. Dattijuwar ta miƙo mini gefen mayafinta na goge baki, ta ce, "Je ki, ni zan wanke wurin."

Da na koma har an kawo gado mai taya an ajiye a bakin ƙofa. Na tsaya a kan Auta na ɗora hannuna na dama a kan jiƙaƙƙen gashinta. Hannun ya ƙi tsayawa, sai kakkarwa yake yi, na danna shi ya ƙi. Ban iya yi a ɓoye ba, da ƙarfi maganar ta fito, har wata nas ta juyo.

"Ubangiji, tsoro nake ji. Ban iya ba, ka sani ban iya ba. Tsoro nake ji, ka riƙe mini ita. Ka riƙe su duka biyun. A cikin sunan Yesu."

Ba wanda ya ce amin, don duk sun saba Kaka ce ke faɗa. Na sha jinin jikina, na ce shi ke nan, na ɓata. Sai Auta ta ɗaga hannunta mai allura ta dafa nawa.

"Haka nata yake yi."

"Me?"

"Rawa. Na zata tsufa ne."

Ta nemi biro. Sa hannun ya karkace har ya fita daga layi, likitar ta fizge takardar ba ta ko duba ba, suka tura gadon da gudu.

Minti hamsin muka yi a benci ni da mijinta. Duk ƙofar da ta motsa sai mu miƙe. Daga ƙarshe nas ta leƙo ta ce mace aka samu, ta daɗe ba ta yi kuka ba amma ta yi. Uwar tana da rai, sai dai ta zubar da jini da yawa, ana bukatar ƙari yanzu, kuma na mijin ya dace.

Ya miƙe ya bi ta taku uku, sai ya tsaya ya dawo. Ya ce, "Mama, ban taɓa ba da jini ba." Ƙaton mutum, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, ya durƙusa a gabana a tsakiyar baranda ya sunkuyar da kai yana jira. Wayata tana ta ruri a jaka, na san ƙanina ne, ɗansa zai yi tafiya jibi, ga shi babu Kaka da za ta ɗora masa hannu. Na dubi ƙarshen barandar don in ga nisan banɗakin, sannan na ɗora masa hannu.