Ƙahon Faragwai

Da Malam Idris na Mada zai cika, abu ɗaya ya roƙi 'ya'yansa maza biyu: kada a raba gandu. Ɗahiru, babban, ya ce to. Shu'aibu, ƙaramin, ya ce to, har da hawaye. Amma fa cewa to ba ta da wuya. Shu'aibu malamin gona ne a Gusau, mai albashi da babur. Ɗahiru kuwa shi ke duƙe a gonar tun daga shuka har girbi. Kaka na yi sai a ji ƙarar babur a ƙofar gida, a ware damman Shu'aibu a ɗora a mota. Masu zuga kuma ba su taɓa ƙaranci a Mada ba. Wannan ya ce ya ga Shu'aibu yana auna fadamar gandun da igiya, wancan ya ce gwamnati zai ba ta yi gwajin auduga. Kafin shekara ta zagayo, gaisuwar wa da ƙane ta koma "lahiya?", "lahiya lau", kowa ya kama gabansa.

Abin yana cin Shu'aibu. Allah ya sani ba shi da nufin komai a kan fadama. Tsoronsa ɗaya, ranar da Ɗahiru zai tara dattawa su ja iyaka a tsakiyar gonar ubansu.

Ana cikin haka, shekarar ƙarin albashin Udoji, ma'aikata ta sa sunansa cikin waɗanda za a tura Faragwai, can Amurka ta Kudu, su ga yadda ake noman auduga. Da ya je sallama, Ɗahiru ko ɗago kai bai yi daga igiyar da yake tufka ba.

"Allah shi kiyaye hanya, malamin gona," ya ce. Ko sunansa bai kama ba.

Faragwai ta ba Shu'aibu mamaki. Ya bar gida ana hura wuta don sanyi, ya tarar can zafi ake mai sa riga ta manne a baya. Ƙasa ja wur, in ta kama ƙafar wando sabulu sai ya yi haƙuri. Lemu yana zuba a bakin hanya yana ruɓewa, babu mai waiwayarsa. Kowane abinci aka kawo, da dafaffen rogo a gefe, har ya fara mafarkin tuwon dawa. Aka sauke shi a wani ƙauye, gidan wani tsoho manomi mai suna Anselmo. A gari Sifaniyanci ake yi, amma a ƙauyen yaren kakanninsu suke yi, Gwarani, rabin maganar ta hanci take fita. Sai da tafinta suke fahimtar juna, in tafinta ba ya nan su yi da hannu da dariya.

Wata safiya 'ya'yan tsohon biyu, ƙarti majiya ƙarfi, suka kaure da faɗa a kan wani sa da ya ɓalle ya shiga auduga. Har cin kwala aka yi. Shu'aibu ya ce a ransa, shi ke nan, gidan nan ma ya tsage. Ashe bai san komai ba. Hantsi na dubawa kowa ya ajiye fartanya, aka zauna da'ira a inuwar mangwaro. Ƙaramin ɗan ya ɗauko wani ƙahon saniya wanda aka goge aka toshe gindinsa, ya cika shi da garin wani koren ganye, ya soka siririn bututun ƙarfe, ya zuba ruwan sanyi, ya miƙa wa uban. Tsoho ya zuƙe har ƙahon ya yi ƙara, ya mayar. Ƙaramin ya sake zubawa ya miƙa wa wan da suka gama cin kwala yanzun nan. Wan ya karɓa, ya sa baki a bututun nan guda, ya shanye, ya mayar, aka ci gaba da hira.

Da aka zo kan Shu'aibu sai da ya tabbatar ba ya sa maye, sannan ya zuƙa. Kai! Ɗaci kamar maɗaci. Suka bushe da dariya. Tafinta ya ce sunansa terere, kuma yana da ƙa'ida: ƙarami ke zubawa, babba ke fara sha, kuma ba a mayar da ƙaho da saura. Tsoho Anselmo ya ƙara da cewa a garinsu wanda ya karɓi ƙaho daga hannunka ya ajiye fushi ke nan.

Maganar nan ta zauna wa Shu'aibu daram. Abokan tafiyarsa suna sayen agogo da hula malafa, shi ƙaho ya nema. Ranar tafiya tsohon ya ba shi nasa na kansa, da bututu, da ƙunshin ganye. Tun daga jirgi har motar da ta biyo da shi ta Tsafe, ba abin da yake gani sai shi da Ɗahiru a zauren Baba, ƙaho yana kai da komowa.

To, a nan ne boko ya ci amanarsa. Mutumin da aka haifa a Mada, ya manta abin da ƙaho cike da garin ganye yake nufi a ƙasar nan? Ko yaron goye ya san inda ake ganin irinsa: a bisne bakin ƙofa, ko a jakar boka. Amma ɗoki ya rufe masa ido.

Washegarin isowarsa, da hantsi, 'yan barka da zuwa sun watse, ya ce yana son ganin Yaya su biyu kawai. Ya roƙi Ladidi matar Ɗahiru ta kawo ruwan randa mai sanyi. Ta kawo, ta koma bayan zana ta laɓe. Shu'aibu ya buɗe jaka ya fito da ƙaho. Ya zuba koren garin. Ya rufe bakin da tafin hannu ya girgiza kamar yadda ya ga ana yi, yana bisimilla a hankali, leɓe na motsi. Ya soka bututu, ya zuba ruwa, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu.

"Mi ne ne wanga?" in ji Ɗahiru.

"Tsarabarka ce, Yaya. In ka sha, duk abin da ke tsakaninmu ya wuce."

Daga bayan zana Ladidi ta saki salati. "Malam, kada ka sha! Don girman Allah kada ka sha!"

Ɗahiru bai waiwaya ba. Ya ƙura wa ƙanensa ido. "To, fara sha in gani."

Da Shu'aibu ya kurɓa a nan, da an wuce wurin. Ina! Sai ya yi dariya, dariyar mai jin ya zo da abin kirki.

"A'a, Yaya, ba haka ake yi ba. Ƙa'idarsa kai za ka fara."

Kalmar na fita ya ga fuskar wansa ta sauya. A lokacin ne ya ga abin da ke hannunsa da idon mutanen Mada. Ya yi wuf zai kai baki, amma Ɗahiru ya riga ya fizge. Ya sa bututun a baki, idonsa cikin na Shu'aibu, ya zuƙa. Ɗacin ya yamutsa masa fuska, bai tsaya ba, har ƙahon ya yi ƙarar nan da Shu'aibu ya ƙetare teku yana marmarin ji. Ya ajiye shi a tabarma, babu ko ɗigo.

"Na shanye, Shu'aibu," ya ce. Yau ya kama sunan. "Ba za a ce ɗan uwata ya miƙo mini abu na ƙi ba. In na mutuwa ne, kai da Allah. In kuwa na juya hankali ne in sakar maka fadama, to kafin shi kama ni, yau za a raba gonar ga. Ladidi, aika a kira Kawu Buba."

Shu'aibu ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe. A gaban Kawu Buba, ƙanen ubansu, da sauran dattawa, ya cika ƙahon ya shanye, ya sake, ya sake, har cikinsa ya murɗa. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce ai mai magani ba ya rasa makarinsa. Shu'aibu ya ba su labarin Anselmo da 'ya'yansa, suka saurara da ladabi, irin sauraron da ake yi wa wanda aka kama. Kafin la'asar an ja iyaka, daga gindin ɗorawar da Malam Idris ke hutawa har bakin fadama. Da damina ta sauka aka dasa gamba a kai.

Ɗahiru ko ciwon kai bai yi ba. Wannan ma bai wanke Shu'aibu ba, don gari ya ce rubutun da aka yi ta ɗura masa ne ya karya abin. Baƙin ciki ya ishi Shu'aibu, ya nemi a mayar da shi Bunguɗu, aka mayar. Rabonsa na gona ya bar wa ciyawa, don ya kasa taka ta.

Da babbar salla wata maƙwabciya daga Mada ta biyo ta Bunguɗu, tare da Hasana, 'yar autar Ɗahiru, wadda Shu'aibu ya yanka wa ragon suna da hannunsa. Rana ta dake su a bayan a-kori-kura, leɓen yarinyar har ya bushe. Murna ta kama shi. Da kansa ya je randa ya ɗebo ruwa a moɗa, ya tsuguna a gabanta.

"Sha, uwata."

Hasana ta dubi ruwan, ta haɗiye yawu. Sannan ta mayar da hannuwanta baya.

"Baba ya ce ko ƙishirwa za ta kashe mu, kada mu sha komi a hannunka."